Dogon bakan Ingila: iccen da ya kada baraden Faransa

Yau tarihin namu zai kai mu Turai, wajen masassaƙan baka na ƙasar Ingila.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci, an karantar da mu yaƙin shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila, daga 1337 zuwa 1453. Mun hardace Crécy 1346, Poitiers 1356, Azincourt 1415, saboda ranar jarrabawa. Duka ukun Faransa ce ta sha kashi, a Poitiers ma har sarkinta Jean na 2 aka kama. Littafi yakan ce maharban Ingila ne suka yi aikin, daga nan sai ya wuce. Ba ya tsayawa kan wanda ya sassaƙa bakan, alhali a wurinsa labarin ya fara.

Bakan nan sanda ɗaya ne, ba haɗi ba liƙi, tsawonsa ya kusa metir biyu, wato ya kai tsayin mai riƙe da shi ko ya fi. Iccen da aka fi so shi ne wanda Faransawa ke kira if. Babu shi a ƙasarmu. Icce ne mai jinkirin girma, ganyensa guba ne ga dabbobi. Kuma ba Ingilishi suka fara gano amfaninsa ba: mutumin nan da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a duwatsun Alp a 1991, wanda ya rayu shekara dubu biyar da suka wuce, da bakan wanga icce aka same shi, bai ma gama sassaƙa shi ba.

Me ya sa wannan icce? In ka faskara shi za ka ga launi biyu. Ƙarƙashin ɓawo akwai farin sashe siriri, can ciki kuma zuciyar iccen ja ce. Farin yana jure miƙewa, jan yana jure matsewa. To baka in an ja shi, bayansa da ke kallon abokin gaba miƙewa yake, cikinsa da ke kallon maharbi kuma matsewa yake. Sai masassaƙi ya fidda sandarsa daidai inda launukan biyu suka haɗu, fari a baya, ja a ciki. Abin da waɗansu ƙasashe ke wahalar samu ta liƙa ƙaho da jijiya da icce, nan Allah ya haɗa shi cikin gungume guda.

Ba a tsaga gungumen da zarto. Faskara shi ake yi, don tsagin ya bi jijiyar iccen yadda ta tafi. Sandunan da aka fidda sai a aje su a inuwa su bushe a hankali, ba wata ɗaya ba, shekaru. Ɗanyen icce in an yi baka da shi lanƙwashewa yake ya zauna a haka, ƙarfinsa ya tafi.

Daga nan aikin hannu ya fara, da ɗan gatari da wuƙar kankara. Bayan bakan kusan ba a taɓa shi, ɓawo kawai ake cirewa a bi zobe ɗaya na iccen daga kai har gindi. In iccen ya yi ɗan tudu, masassaƙi ya bi tudun. In ya yi ɗan kwari, ya bi. Inda ƙulli yake, sai a bar masa ƙarin kauri, ba a daidaita shi don ido ya ji daɗi. Wanda ya yanke jijiyar baya don bakansa ya yi sumul, ranar yaƙi a nan zai fashe a hannun mai shi. Shi ya sa bakan gwani yakan zo da ƴan ƙusoshi da karkace, wanda bai sani ba sai ya raina shi. Ta ciki ake rage icce, a mulmula shi, tsakiya da kauri, ana sirantawa har bakunan biyu.

Wurin da ake gane gwani shi ne koya wa sanda lanƙwasa. Ana ɗora ta bisa wani icce mai tsaga-tsaga, a sa doguwar igiya a ja kaɗan, masassaƙi ya koma baya ya duba. Inda ta ƙi lanƙwasa ya kankare kaɗan. Inda ta lanƙwasa fiye da kima ya bar wurin, ya rage na kusa da shi. A sake ja, a sake dubawa, sau da yawa, har dukan sandar ta zagayo kamar jinjirin wata, hannun sama da na ƙasa suna aiki tare. Ba ma'auni, ba inji, ido ne da yatsa. Kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. In ka zarce, bakan yaƙi ya koma na yara. Duk wanda ya taɓa zama wurin masassaƙin turmi ko ƙota a kasuwar Maradi ya san irin wannan dubawar.

In an gama, sai a sa ƙahon saniya a bakuna biyu, a yi masa tsaga inda tsarkiya za ta zauna, don kada ta ci iccen. Tsarkiyar zaren tsiro ce irin na rama, an murza an shafa mata kakin zuma. Bakan kansa ana shafa masa kaki ko kitse saboda damshin ƙasarsu.

Yaya aka san duk wannan, tunda icce ruɓewa yake? A 1545 wani jirgin ruwan yaƙi na Sarki Henry na 8, mai suna Mary Rose, ya nutse kusa da Portsmouth. Laka ta rufe shi shekara ɗari huɗu da ƴan kai, sai a 1982 aka ciro shi. An sami bakuna 137 lafiyayyu da dubban kibau. Tsawonsu daga metir 1,87 zuwa 2,11. Masana sun kiyasta ƙarfin da ake bukata a ja su daga wajen kilo 45 zuwa 80. Ku kwatanta: buhun siminti kilo 50 ne. Ka ja abin da ya fi shi nauyi da yatsu uku har kunne, ka saki, ka sake, sau shida ko fiye cikin minti guda, kibiya ta wuce metir ɗari biyu. Ƙasusuwan wasu mutanen da aka samu cikin jirgin sun nuna alamar haka a kafaɗa da hannu.

Ba a kwana ɗaya ake samun irin wannan mutum ba, tun yana yaro ake fara shi da ƙaramin baka. Don haka sarauta ta shigo. A 1363 Sarki Edward na 3 ya ba da umurni maza su riƙa koyon harbi ran Lahadi da ranakun hutu, ya hana wasannin da ke ɗauke musu hankali, har da ƙwallon ƙafa. Ƴan ƙwallonmu na yau, kun ji. A 1371 aka raba sana'ar biyu a Landan, masu baka daban, masu kibiya daban, aka kuma hana sassaƙar baka da dare, don da hasken fitila ba a ganin jijiyar icce. A 1417 Henry na 5 ya sa a ciro gashin fiffike shida daga jikin kowace dinyar gida don kibau.

A nan muke ganin bambancinsu da mu. Bakan maharbanmu gajere ne, kibiyar kyauro ce ba gashi, ƙarfinta cikin dafi yake, na kwankwani, ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki. Da irin su mutanen Sarauniya suka tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Ingilishi ba dafi suka dogara da shi ba. Abokin gabarsu barde ne cikin sulken ƙarfe bisa doki, sai suka bi hanyar nauyi da yawan kibau. Amma kada mu kai bakan inda bai kai ba. A Azincourt taɓo ya taimaka, da turaku masu tsini da maharba suka kafa gabansu, da cunkoson da Faransawa suka yi wa kansu. A Patay, 1429, inda barade suka auka musu kafin su gama kafa turakun, an yi musu kaca-kaca.

Sashen da ya fi tsaya mana shi ne na iccen kansa. If na Ingila bai isa ba, kuma wanda ya girma a hankali bisa duwatsu ya fi kyau. Sai aka koma saye daga Sifaniya da Italiya, daga baya ƙasashen Alp da gabashin Turai. A 1472 doka ta ce ƴan kasuwar da ke kawo kaya daga ƙasashen iccen sai sun haɗo da sandar baka huɗu kan kowane tan na kayansu. Zamanin Richard na 3 aka ce goma kan kowace babbar gangar giya. Kun ga haraji ya koma icce. Iccen da ke shekaru aru-aru kafin ya ƙosa, kuma daga gungume guda ƴan sanduna kaɗan ne ke da miƙewar da ake so, aka yi ta sara fiye da shekara ɗari. A 1562 hukumar Bavariya ta kai kuka wurin sarkin daular Jamus a daina sarar. Ƴan shekaru bayan haka, manyan itatuwan da za a sare sun ƙare a can da Ostiriya. Mu da muka ga yadda iccen girki ya cinye dazuzzukan kewayen Yamai, ba sai an fassara mana ba.

Ita kuwa Faransa ta riga ta sami amsarta tun kafin nan. A Castillon, 1453, igwa ce ta gama yaƙin. Bindigar farko ba ta kai baka sauri ba, amma cikin ƴan makonni ake koya wa manomi ita, maharbi kuwa sai an yi rainonsa shekaru. A 1595, zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1, majalisarta ta ba da umurni a daina ƙidaya baka cikin makaman mayaƙan gundumomi, a musanya shi da bindiga. Ƙungiyar masu sassaƙar baka ta Landan tana nan har yau, tana ba da kyaututtuka a gasar harbi.