Lambar Da Ta Ƙaryata Fermat

A shekarar 1640 ne Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a birnin Tulus na ƙasar Faransa, wanda lissafi ya shiga ransa, ya tsaya a kan lambobi biyar: 3, 5, 17, 257 da 65,537. Kowacce idan aka cire mata 1, aka ninka ragowar da kanta, aka mayar da 1, sai ta haifi mai bi mata. Kuma babu mai rabuwa daidai a cikinsu, sai da 1 ko da kanta. Daga nan ya ɗauka duk zuriyar haka take, ko da yake ya amsa cewa hujja ta gagare shi.

Ya rasu a 1665, maganarsa na nan daram. Sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a ƙasar Rasha, ya nuna cewa ta shida, wato 4,294,967,297, tana rabuwa: 641 sau 6,700,417. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne ƙanƙantar 641 ɗin. Haƙurin 'yan kwanaki da alƙalami ya isa ya tono ta.

Har yau, duk da kwamfuta, ba mu sami wata marar rabuwa a zuriyar ba bayan biyar ɗin nan.