Hasumiyar Split Rock: Fitilar da Guguwa Ta Haifa

A gaɓar arewa ta Tafkin Superior, cikin jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, akwai wata hasumiyar fitila da ke tsaye bisa tsauni mai tsayin kusan mita 40. Sunanta Split Rock, kuma asalinta yana komawa ga wata mummunar guguwa.

A farkon ƙarni na 20, jiragen ruwa masu dakon tama sun cika tafkin, suna ɗaukar ta daga Duluth da Two Harbors zuwa masana'antun ƙarfe na gabas. Sai dai tamar da ta kawo arziki ita ce kuma ta kawo haɗari, domin ƙarfen da ke cikin duwatsun yankin da cikin jiragen yakan rikita kamfas, matuƙi ya kauce hanya bai sani ba. A ƙarshen Nuwamban 1905 guguwa ta taso, ta nutsar ko ta lalata jirage 29. Masu jiragen suka matsa wa gwamnati lamba, har majalisar dokoki ta ware dala 75,000 a 1907 domin gina hasumiyar.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Babu hanyar mota zuwa wurin, saboda haka ta ruwa aka kawo tubali da siminti, ana jawo su zuwa kan tsaunin da injin ɗaga kaya. An kunna fitilar ranar 31 ga Yuli, 1910.

Hasumiyar mai kusurwa 8 ce, tsayinta mita 16 kacal, gama tsaunin ya riga ya ɗaga ta sama. Gilashin da ke tattara haskenta a Paris aka ƙera shi, aka ɗora shi bisa ruwan zaiba don ya juya ba tare da cijewa ba. Wani nauyi da ke sauka a hankali, irin na tsohon agogo, shi ke juya shi, masu tsaro kuma su yi ta wana shi cikin dare. Hasken yakan walƙa duk bayan daƙiƙa 10, ana hango shi daga nisan kilomita 35. Idan hazo ya rufe tafkin, sai jiniya ta karɓi aikin. Masu tsaro uku ne ke zaune a gidaje uku kusa da ita, kuma sai a 1924 hanyar mota ta iso, baƙi suka fara tururuwa.

Da na'urorin zamani suka wadata a jirage, aka kashe fitilar a 1969, daga bisani wurin ya zama gidan tarihi. Amma duk ranar 10 ga Nuwamba akan sake kunna ta don tunawa da jirgin Edmund Fitzgerald, wanda ya nutse a tafkin a 1975 da mutum 29. Akan karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ana kaɗa ƙararrawa bayan kowane suna.