Haƙorin Makka: Daga Magani Zuwa Ado

Idan alhazai suka sauka a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, 'yan taro kan fara duban bakin alhaji kafin su dubi jakar tsaraba. Murmushi ɗaya ya isa, sai haƙorin Makka ya ƙyalla, kowa ya shaida an sauke farali. Wannan haƙori da muke ɗauka ado yana da tarihi mai tsawo, kuma a matsayin magani ya soma.

A ƙasar Zamfara ta dā, kamar sauran ƙasar Hausa, kula da haƙori ta fi karkata ga rigakafi da kwantar da ciwo. Ana goge shi da asuwaki da gawayi. Idan ya yi kogo, sai a ce tsutsa ce ta ci shi, a cusa kanumfari ko kanwa a ramin. In abin ya faskara, a nufi wanzami ya tumɓuke shi. Daga nan magana ta ƙare, domin sana'ar ta iya cirewa amma ba ta mayarwa. Mai giɓi yakan zauna da giɓinsa har tsufa.

Hikimar mayarwa ta bunƙasa ne a wasu sassan duniyar Musulmi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Malaman fiƙihu suka kafa hujja da wannan, suka halatta wa namiji ɗaure haƙori da zinariya idan akwai lalura. Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, da yadda ake sassaƙa ƙashin sa a cike giɓi. Ya fifita zinariya a kan azurfa saboda ba ta lalacewa a cikin baki.

Hanyar aikin Hajji ce ta kawo wa Hausawa haƙorin zinariya a yalwace. Lokacin da ake bi ta Cadi da Sudan a ƙafa, ana shekaru kafin a dawo, alhazai kaɗan ne. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, aka kuma kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sai maniyyata suka ninka, haƙorin ya zama shaidar zuwa. A nan ne ma'anarsa ta juya. Yawanci lafiyayyen haƙori ake kankarewa a sa masa kwanso, wanda sau da yawa ba zinariya tsantsa ba ce. Idan kwanson bai zauna daidai ba, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashinsa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Abin da aka ƙirƙiro don gyara sai ya zama sanadin ɓarna.

A Turai kuwa aikin ya ci gaba ta wata fuska. Pierre Fauchard na Faransa ya wallafa littafinsa kan likitancin haƙori a 1728. A ƙarni na 19 ciko na azurfa da zaiba ya yaɗu, a 1965 kuma Brånemark na Suwidin ya dasa wa mutum na farko saiwar ƙarfen titaniyam a muƙamuƙi. A yau likita na iya cike kogo, ya wanke jijiyar haƙori ya tsirar da shi, ya sa masa hula, ko ya maye giɓi da haƙoran roba ko dashe. Sai dai mutumin ƙauyen Bukkuyum da ke son irin wannan aiki yakan nufi Gusau ko Sakkwato ne, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Shi ya sa da yawa ba sa isa sai haƙorin ya wuce ceto, a koma kan maganin wanzami, wato cirewa.

Abin takaici, zinariyar da Az-Zahrawi ya yaba tana kwance a ƙarƙashin wannan ƙasa. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa don fitar da ita ta hallaka yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, zaibar da likita ke haɗa ciko da ita kuma ita ce mahaƙa ke kama zinariya da ita. Arziƙin ya fita, bai bar wa jama'ar isassun likitocin haƙori ba.

Saboda haka mai shirin sa haƙorin Makka ya kamata ya tuna da hujjar da malamai suka kafa tun farko, wato lalura. Kuɗin kankare lafiyayyen haƙori ya fi dacewa da cike wanda ya fara kogo, tun bai kai ga cirewa ba.