Tarihin Kafso: Daga Funfuna Zuwa Asibitin Sha-ka-tafi

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin maganin nan da da wuya a rasa shi a ɗakunanmu, ko a cikin kwalla ko a ƙarƙashin katifa: kafso ja-da-baƙi, da ja-da-rawaya, da garin maganin yara na kwalba da ake zuba wa ruwa a girgiza. Likitoci na kiran danginsu antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar bakteriya.

A shekarar 1928, wani likita mai suna Alexander Fleming yana bincike a wani asibiti a birnin Landan. Ya tafi hutu ya bar farantan da yake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Da ya dawo sai ya tarar funfuna ta fito a ɗaya daga ciki, irin wadda muke gani a kan burodin da ya kwana biyu. Da ni ce ko ke, ai sai wanki. Shi kuwa ya tsaya ya duba, ya ga duk ƙwayoyin da ke kewaye da funfunar sun mutu. Abin da funfunar ke fitarwa shi ya sa wa suna fenisilin.

Sai da aka haura shekara goma kafin wasu masana a Jami'ar Oxford, Howard Florey da Ernst Chain, su iya tace shi ya zama magani. A 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander, wanda cuta ta shiga jininsa. Ya fara samun sauƙi kamar a mafarki. Amma maganin ɗan kaɗan ne, har ta kai ana tara fitsarinsa ana sake tace maganin a yi masa allura da shi. Cikin 'yan kwanaki ya ƙare, ciwon ya dawo, bawan Allah ya rasu. Kin ji darajar abin da yau ake aiken yaro ya sayo ƙwaya biyu a kemis.

Kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Amurka sun wadata sojoji da shi. A 1945 aka ba mutanen nan uku lambar yabo ta Nobel, kuma a jawabinsa Fleming ya yi gargaɗin cewa wata rana kowa zai iya sayensa a kanti, wanda bai sani ba ya sha abin da bai kai ƙima ba, ƙwayoyin cutar su saba da shi.

To yaya ƙwayar cuta take sabawa da magani? Ki ɗauki kyankyasai. Kin fesa magani, da yawa sun mutu, 'yan masu taurin rai sun tsira, su ne za su hayayyafa su cika ɗakin girki. Haka bakteriya, sai dai su wasunsu cikin minti ashirin suke rabuwa biyu. Kowane shan magani, ko da dalili ko babu, dama ce gare su.

Wata likita mace, Mary Barber, na cikin waɗanda suka fara tabbatar da haka. Ya zuwa 1948 ta gano cewa a asibitin da take aiki a Landan, fiye da rabin wata ƙwaya mai haddasa maruru da ruɓar rauni ba ta jin fenisilin. Aka fito da sabon magani, metisilin, wajen 1960. A 1961 aka sami masu bijire masa.

Sannu a hankali aka lura cewa mafi yawan maganin nan a ƙananan asibitoci ake rubuta shi, irin namu na sha-ka-tafi, kuma sau da yawa don mura da tari da ciwon makogwaro. Alhali yawancin waɗannan bairos ne ke kawo su, shi kuwa antibayotik ba ruwansa da bairos. Likita na sauri, uwa ta zuba masa ido, sai ya rubuta don a rabu lafiya.

Faransa na cikin ƙasashen Turai da suka fi shan sa. A 2002 suka fara gangami a rediyo da talabijin duk lokacin sanyi, aka kuma raba wa likitoci wani ɗan gwaji na makogwaro mai nuna ko bakteriya ce cikin 'yan mintuna. Ya zuwa 2007 rubuta maganin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga baya ya ɗan sake hawa, don hali zanen dutse ne. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku: na farawa da su, da na taka-tsantsan, da na ajiya don ranar da komai ya gaza.

Kada ki ce labarin Turawa ne. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cutar da ta ƙi jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba.

Ba cewa nake a guji maganin ba. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko mai zawo da jini, ko maijego mai zazzaɓi, a gaggauta kai su asibiti. Rashin antibayotik a nan kisa yake. Amma zawon da muke cewa na haƙori, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc yake buƙata. Mu da muke cikin gida, aike ya fi mana sauƙi, na sani. Duk da haka ki roƙi maigida a kai yaron a duba shi. In malamin asibiti ya ce wannan ba na kafso ba ne, kada ki ce rowa ya yi ko bai iya aiki ba; ki tambaye shi alamun da in kin gani za ki dawo. In kuma ya rubuta, a sha yadda ya faɗa, kada a rage don ƙanensa ko a miƙa wa kishiya.