Ginin Idon Ɗan Adam da Tushen Makanta a Arewacin Ghana

A sashen ido na asibitin Presbyterian da ke Bawku, inda marasa lafiya ke zuwa har daga Togo da Burkina Faso, aikin cire yanar ido ya zama na yau da kullum. Wannan maƙala tana ganin cewa asalin yana da hakiya yana cikin yadda aka gina idon kansa.

Kafin haske ya kai ga tantanin gani da ke can bayan ƙwayar ido, sai ya ratsa abubuwa biyu masu garai-garai: fatar gilashi da ta rufe baƙin ido, wadda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske, da kuma madubin da ke bayan ɗan ido. Dukansu ba su da jijiyar jini, domin jini zai tare haske. A nan gizo ke saƙar. Sinadaran da ke tsakiyar madubin ba a sabunta su. Da waɗanda aka haifi mutum da su zai tsufa, in suka dunƙule sai yana ta sauka.

Masana juyin halitta suna ganin ido ya faro ne daga ɗan fegin fata mai jin haske. A 1994 Nilsson da Pelger na ƙasar Suwidin suka ƙiyasta cewa zuriya ƙasa da 400,000 ta isa a tashi daga fegin nan zuwa ido mai madubi. Lissafi ne na takarda, kuma bai taɓa batun raunin da ya biyo garai-garan ba.

Raunin kuwa a bakin koguna aka fi ganinsa: Farar Bolta kusa da Bawku, da Daka mai bi ta ƙasar Yendi ta gangara gabashin Salaga. Baƙin ƙuda yana hayayyafa a ruwa mai gudu, cizonsa yana shigar da tsutsa. 'Ya'yanta sukan kai har fatar gilashin, su mutu a ciki, jiki ya taso da kumburi, jijiyoyin jini su kutsa inda ba wurinsu ba, ido ya yi fari fat; wannan ita ce makantar kogi. Amosanin ido ta waje yake ɓarnarsa: tabo ya lanƙwasa fatar ido, gashin ido ya juya ciki yana kartar gilashin da kowace ƙiftawa.

Likitan Ingila Harold Ridley ya yi nazarin makantar kogi a arewacin Ghana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi ne ya fara dasa madubin roba a Landan a 1949. An ƙaddamar da shirin feshin koguna don kashe baƙin ƙuda a 1974, kamfanin Merck ya soma ba da Mectizan, maganin tsutsar, kyauta a 1987, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta shawo kan amosanin ido. Yana dai tana nan, tunda tsufa ke kawo ta, kuma maganinta har yau madubin Ridley ne.