Yaron da ke tsugunawa

Lokacin da nike koyarwa a lekol, na taɓa samun wani yaro da ba ya iya gudu da tsaransa. Taku kaɗan sai ya tsuguna yana haki, leɓensa ya yi duhu. Na ɗauka ƙiwuya ce, na sha yi mashi faɗa. Sai da na san tarihin ciwonsa kunya ta kama ni.

A 1888 wani likitan Faransa mai suna Fallot ya bayyana lahani huɗu da ake haihuwar wasu jarirai da su haɗe a zuciya, ciki har da rami tsakanin ɗakunanta biyu na ƙasa da ƙuncin hanyar da ke kai jini huhu. Jini ba ya samun isasshiyar iska, shi ya sa leɓe da farce ke yin shuɗi. Sama da shekara 50 bayan haka babu magani, yawancin yaran ba su kai ga girma.

Helen Taussig, likitar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, kunnenta ya yi nauyi, da yatsu take jin bugun zuciya. Ta lura cewa tsuguno na ba yaran sauƙi. Ta kuma lura da wata jijiya da ke toshewa bayan haihuwa: jariran da tasu ta jima a buɗe sun fi ƙarfi. Sai ta nemi likitan tiyata Alfred Blalock ya ƙirƙiro irin wannan hanyar jini.

Mataimakinsa Vivien Thomas, baƙar fata, tsohon kafinta da talauci ya hana shi karatun likita, shi ya gwada aikin kan karnuka kusan 200. Ranar 29 ga Nuwamba 1944 aka yi ma wata jaririya ƴar wata 15 tiyatar farko, Thomas na tsaye bayan Blalock yana nuna mashi. Sunansa bai shiga rahoton 1945 ba, sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa.

Wannan magani daga lura da yara ya faro, kuma mu malamai da iyaye mu ne ke ganin su kullum. Jaririn da ke gajiya da zufa wajen shan nono, ko yaron da harshensa ke duhu in ya yi kuka ko gudu, a kai shi likita a duba zuciyarsa. Kar a yi mashi faɗan da na yi ma nawa ɗalibin.