Tschingel, Karyar da Ta Hau Mont Blanc

A watan Yulin 1875, mutanen garin Chamonix da ke ƙasar Faransa suka harba igwa don taryar wani ayari da ya sauko daga ƙololuwar Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowane tsawo a jerin tsaunukan Alps, mai sama da mita 4,800. Harba igwa ga wanda ya kai ƙololuwar al'ada ce a garin a wancan zamani. Sai dai a wannan karon wadda idon jama'a ke kanta wata karya ce mai suna Tschingel, wadda ta hau ta kuma sauko da ƙafafunta.

An haife ta a 1865 a ƙasar Suwizalan, shekarar da Edward Whymper da abokan tafiyarsa suka fara kaiwa ƙololuwar Matterhorn, mutum huɗu daga cikinsu suka halaka a hanyar saukowa. Zamani ne da masu hannu da shuni na Ingila ke kwarara zuwa Alps duk lokacin zafi, suna ɗaukar 'yan ƙasa haya su yi musu ja-gora. Ɗaya daga cikin fitattun ja-gororin, Christian Almer na ƙauyen Grindelwald, shi ya saye ta tana 'yar kwikwiya, ya tsallaka da ita wani mashigin ƙanƙara da ake kira Tschingel, sunan ya bi ta.

A 1868 Almer ya yi ja-gora ga wani saurayi haifaffen Amurka, W. A. B. Coolidge, da innarsa Meta Brevoort. Suka nufi tsaunin Eiger, hanya ta ƙi, suka juyo. Ganin yadda abin ya dami yaron, Almer ya ba shi karyar kyauta don ya rarrashe shi. Daga nan aka zama su uku: inna, ɗa da karya. Ta hau Monte Rosa a 1869, ta hau Eiger ɗin da ya gagare su a 1871. Lissafin da Coolidge ya ajiye ya nuna ƙololuwa 30 da mashigai 36.

Ba kan gado ta sami wannan suna ba. Ƙanƙara mai kaifi takan yanka mata dagi har jini ya zuba, aka ɗinka mata takalman fata, ta ƙi su. A wurare masu haɗari akan ɗaure ta da igiya ɗaya da mutane. Ko tana jin daɗin tafiyar yadda masu ita suka rubuta, tambaya ce da ba wanda ya yi mata. Turawan wancan zamani ba su cika damuwa da ita ba, ko a kan 'yan dakon da ke ɗauke da kayansu.

Abin da ya sa labarin ya wuce na nishaɗi shi ne matsayin Meta Brevoort. Ƙungiyar Alpine Club, wadda aka kafa a Landan a 1857, ba ta karɓar mata. Brevoort kuwa tana cikin gwanayen zamaninta. A 1871 Lucy Walker ta riga ta zama mace ta farko da ta hau Matterhorn, amma bayan 'yan makonni Brevoort ta hau tsaunin ta ɓangaren Suwizalan ta sauka ta ɓangaren Italiya, abin da babu macen da ta taɓa yi. Da ta rubuta labarin hawan Bietschhorn a mujallar ƙungiyar, da sunan Coolidge ya fito. A daidai wannan lokaci masu hawan dutse na kiran Tschingel 'yar ƙungiya ta girmamawa, an kuma yi mata abin wuya mai ƙyalƙyalin azurfa ɗauke da sunayen tsaunukan da ta hau. Wasa ne, amma wasan da ya tona asirin masu yin sa: ƙofar da aka buɗe wa karya da raha, an rufe ta ga uwar ɗakinta da gaske. Sai a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ta fara karɓar mata, bayan matan sun kafa tasu tun 1907.

Brevoort ta rasu a ƙarshen 1876 a garin Dorking na Ingila. Tschingel ta tsufa ta makance, ta mutu a garin a watan Yunin 1879. Coolidge ya rayu har 1926, ya ƙare kwanakinsa a Grindelwald, ƙauyen mutumin da ya ba shi ita.